Laka a Kan Fistin

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Kaka ta cikin gida. Mu ma nan lafiya lau, sai dai Umma da gwiwa ke damunta in ta daɗe a tsaye.

Na san za ka juya takardar nan kana neman wace ce. Ni ce jikar yayarka, ta wajen 'yarta ta biyu. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, ina ƙarama, kuma Umma ta ce ranar na sace maka sifana na ɓoye a riga, sai da muka hau mota aka gane. To, sifanar ta kama ni. Yanzu kanikanci nake yi a wani gareji da ke haɗa motocin tsere, ni ce mai haɗa inji.

Ga abin da ya kawo ni. Kowa a garejinmu tobo yake sa wa mota, famfon nan da ke ɗura wa inji iska ta dole. Ni kuma so nake in haɗa wanda zai ja iskarsa da kansa, ba ɗure, in ga iyakar inda zai kai. Na samu bulok, wato gangar jiki, na babban inji mai dogon bugun fistin, ƙarfen nan da ke hawa da sauka yana zuƙo iska, ƙirji ke nan akwai. Amma kan injin da ya zo da shi hanyoyin iskarsa ƙanana ne, don kai iyali kasuwa aka yi shi. Nufina in ɗora masa kan ƙaramin ɗan'uwansa na kamfani ɗaya, wanda aka yi don gudu. Ramukan kusoshinsu sun yi daidai, na gwada.

Ina ba Umma labari muna wanke-wanke, sai ta ce, "Ai Kawu yana da irin wannan abin a kan kabad, naɗe cikin tsohon bargo, ko taɓawa ba a yi." Na ce me ya hana shi ɗora shi a mota? Ta ce, "Tambaye shi mana, in kin ga zai amsa." Ta kuma ce kada in wahalar da kaina da waya, sai dai takarda.

Tun ranar abin yake cina a rai. Wane irin kan inji ne mutum zai ajiye a ɗakin kwanansa? Me ka yi masa? Ko ba za ka ba ni ba, don Allah ka ba ni labarinsa.

Jikarka mai sifana

*

Zuwa ga Ɓarauniyar Sifana,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode da gaisuwa. Tsohuwa tana lafiya, bakinta ma lafiya ƙalau. Ni jiki da sauƙi, in ban da hannu da ke rawa, shi ya sa kika ga rubutun kamar kaza ta yi tono. A gaida uwarki, a ce ta rage tsayuwa.

Na tuna ki sarai. Mai lamba goma ce sifanar, kuma har yau ba a dawo min da ita ba.

Uwarki ta yi gaskiya kan waya. Injina sun cinye min kunne. Yanzu ko tukunya ta faɗi a bayana sai dai in ji a tafin ƙafa. Tsohuwa in magana take so sai ta zagayo gabana, in kuma faɗa ne sai ta tsaya a baya, kowa ya huta.

Kin nemi labari. Lokacin da nake da ƙarfina na sayi kan injin nan sabo fil. Na leƙa hanyoyin iskarsa na ce hancin nan ya yi ƙanƙanta. Na zauna da ɗan injin guga ina faɗaɗa su kaɗan-kaɗan, in kankare in sa yatsa in ji, damina ta wuce, rani ya wuce. Na sa masa manyan bawul, ƙofofin shiga da fitar iska. Na ɗora shi a kan ƙaramin bulok ɗinsa na asali muka tafi filin tsere. Aka ɗaga tuta, kowa ya tafi, tawa ta tsaya tana hamma. Sai can da ta ɗauki gudu ta farka, amma kafin nan mutane sun kai har sun cire hular kwano. Daga ranar aka sa min suna Babban Hanci. Akwai tsofaffin da har yanzu ba su san ina da wani suna ba.

Na cire shi, na wanke, na shafe da mai, na naɗe. Daga baya na gane abin da ya faru. Iska kamar ruwa take a bututu. In bututun ya yi faɗi, mai zuƙar kuma ba shi da ƙarfi, sai ta riƙa tafiya a sanyaye. Hancin ne ya fi ƙarfin ƙirjin. Abin da ban sani ba, kuma shi ya hana ni zubar da shi: ɓata shi na yi, ko kuwa bai samu ƙirjin da ya dace da shi ba ne? A lokacin babban bulok ɗin nan bai zo wajenmu ba, da ya zo kuma hannu da kunne sun riga sun tafi.

Kada ki fara murna, ban ce na ba ki ba. Guda ɗaya ne, kuma hannun da ya yi shi ba zai ƙara yin wani ba. In bawul ya daki fistin sau ɗaya, shi ke nan, sai masu narka ƙarfe. Faɗa min tukuna wane fistin za ki sa, wane kam, wane mai. Kuma me ya sa yarinya da hankalinta za ta ƙi tobo a wannan zamani?

Kakanki

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin hannu. Umma ta ce in gaya maka sifanar tana nan, amma wai ta riga ta zama 'yar gida.

Labarin hamma ya sa na yi dariya har Oga ya leƙo daga ofis. Daga baya kuma na ji ba daɗi, don na san yadda ake ji in kowa ya tafi ya bar mutum a layi.

Ga dalilina kan tobo. In ka taka totur sai ya yi shawara tukuna, sannan ya zo maka gaba ɗaya kamar mai biyan haushi. Ni ina son injin da ƙafata na sauka yana amsawa. Kuma in ya yi gudu, in san haɗin ne ya yi, ba famfo ba.

Fistin iri biyu ne a kan bencina yanzu. Ɗaya mai shafaffen kai, ba ya neman rigima da kowa. Ɗayan mai tudu a ka, yana matse iska da mai sosai kafin wuta ta kama. Tunda ba mai ɗura mana iska, ɗan abin da ya shiga dole a matse shi a ci moriyarsa, don haka zuciyata na kan mai tudun. Man da muke samu a filin tsere yana jure matsi, ba ya kamawa kafin lokacinsa. Kam kuwa mai babban doro na zaɓa, wanda ke tura bawul ƙasa sosai ya daɗe bai rufe ba. In na sa ƙarami, faɗin da ka yi wa hanyoyin ya tashi a banza. Na sayi sifirin ɗin bawul masu tauri don kada su yi ta lilo in gudu ya yi yawa, da sandunan fistin masu ƙwari, don dogon bugu yana wahalar da su. Gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kai da bulok, na babban bulok ne, saboda faɗin ramukan.

Oga ya ce na haɗa masu girman kai biyu a ɗaki ɗaya, fistin na son hawa sama, bawul na son sauka ƙasa. Na sani, shi ya sa nake tambayar wanda ya riga ni.

Akwai gardamar da muke yi a nan, ka raba mu. Goge hanyoyin ka yi har suka yi ƙyalli, ko ka bar musu ɗan kaushi?

Jikarka

*

'Yar Sifana,

Muna lafiya, muna fatan kuna haka. Direban babbar motar da ya miƙo miki takardar nan ɗan maƙwabcinmu ne, akwatin katakon da ke bayan kujerarsa naki ne. Aro ne, ba kyauta ba. Tsohuwa ce ta yanke hukunci, ta ce ta gaji da goge ƙurar abin da ba a dafa komai a ciki.

Gardamarku kowa ya ci rabi. Hanyar fitar hayaƙi na goge ta ƙal, don kada baƙi ya manne. Hanyar shiga na bar mata kaushi kamar harshen kyanwa, don kada mai ya kwanta a bango ya zama ɗigo. Sa yatsa ki ji.

Zaɓinki bai yi min muni ba, kin fi yadda na zata. Sai dai ki duba ramukan baƙin mai, na bulok da na kai ba lallai su kalli juna ba.

Yanzu ga sharaɗina. Ki samo laka irin ta wasan yara, wadda ba ta bushewa. Ki manna ta a kan fistin daidai inda bawul zai sauko, ki shafa wa bawul ɗin mai don kada ya ɗauke ta. Ki ɗora kan injin ki ɗaure kamar da gaske, ki juya da hannu a hankali, zagaye biyu. In kin ji ya cije, ki tsaya. Sannan ki buɗe, ki yanka lakar da reza a tsakiyar sawun bawul. Kaurin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin masu girman kan naki. In bai kai kaurin tsinken ashana ba, ba a tayarwa.

Kuma ki aiko min da lakar. Lamba a takarda kowa na iya rubutawa, ni da yatsana nake yarda. Ki riƙe wannan da kyau: duk wanda ya ce ki tayar, ko Oganki ne, ko ni ne da bakina, in laka ba ta yarda ba kada ki taɓa makulli.

Kakanki

*

Kaka,

Gaisuwa da godiya, gare ka da Kaka mai hukunci. Akwati ya iso lafiya.

Da na buɗe bargon sai ƙamshin ɗakinku ya tashi, har Umma ta ce a bar mata bargon. Na sa yatsa a hanyar shiga, na rufe ido na bi ta har ciki, ban ji inda hannunka ya tsaya ya huta ba. Duka huɗun iri ɗaya. Yaya ka yi haka ba ma'auni? 'Yan garejin sun yi layi kowa yana sa yatsa, Oga ma ya sa har sau biyu, wanda a wajensa yabo ne babba.

Gaskiyarka kan ramin mai, ɗaya bai kalli ɗan'uwansa ba, na toshe shi na buɗe masa hanya ta gefe.

Na yi gwajin laka yadda ka ce. Ga ta nan cikin 'yar leda a tsakiyar takardar. Ta wuce ashana da ɗan kaɗan. Kai nake jira ka ce bismillah.

Jikarka

*

Ke,

Muna lafiya.

Wannan ce lakar da kika ce ta wuce ashana? Na fito da ita waje, na sa tabarau, na taɓa. Ko ɓawon albasa ya fi ta kauri. Ko dai ba ki iya awo ba, ko kin ga abin da zuciyarki ke so ki gani, kuma na biyun ya fi ba ni tsoro.

Kada ki tayar. Ki cire min kayana ki mayar cikin akwati. Na ajiye shi shekara da shekaru ba abin da ya same shi, ba zan zuba ido a farfasa shi don gaggawar yara ba. Ki sa tobo kamar kowa.

Kakanki

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Na jinkirta amsa ne don da na rubuta a ranar, da Umma ta ji kunya.

Maganarka ta yi min zafi ƙwarai. Na san abin da na auna, kuma ban taɓa yi wa ƙarfe ƙarya ba. Don haushi na ce sai na sake gwajin a gaban kowa, fistin huɗun duka, in aiko maka da lakar cikin gwangwani. Na yi, kowace ta wuce ashana. Har na fara shirya maka baƙar magana.

Ina wanke hannu sai wani abu ya faɗo min. Kam ɗin nan ba wuri ɗaya yake zama ba. In inji ya ɗauki gudu, matsin baƙin mai yana murɗa shi gaba, bawul ya riƙa buɗewa da wuri, lokacin fistin yana can sama. Mu kuwa da hannu muke juyawa, ba matsin mai, kam yana kwance abinsa. Ashe duk gwajin da na yi na injin da ke barci ne.

Na saki makullin kam ɗin, na murɗa shi har ƙarshe na ɗaure, na sa sabuwar laka, na juya. Kaka, bawul ya yanke lakar gida biyu, har ya bar ɗan zane a kan fistin. Da hannu ne, a hankali, ba abin da ya lanƙwashe, na duba. Amma da na tayar na taka totur, da yanzu aikinka yana cikin bokiti.

Ban san yadda ka gani a lakar farko ba, tunda ni ban gani ba. Yatsanka ya fi ma'aunina, na sallama. Ban mayar da shi akwati ba tukuna, yana nan ɗaure a kan bulok. Ka faɗa min abin da zan yi, duk abin da ka ce shi zan bi.

Jikarka

*

'Yar Sifana,

Muna lafiya, tsohuwa na gaishe ki da kyau.

Na sake duba maganar laka. Ki manta da ita, ba matsala. Laifin ba na haɗinki ba ne, kuma dalilin ba na rubutawa ba ne, sai mun haɗu in faɗa miki ina sunkuyar da kai. Haɗinki daidai yake. Kada ki canza komai, kada ki tsaya wani dogon tunani. Zuba mai ki tayar, ki taka shi sosai ki ba ni labari.

Na yi miki magana mai zafi, ki yi haƙuri da tsoho.

Kakanki

*

Jikata,

Ba gaisuwa yau. Kada ki tayar. Kada ki tayar.

Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Wadda na ce ki tayar na aika ta kafin taki ta iso, ba amsar taki ba ce. Ban san komai kan murɗawar kam ba sai yanzu da na karanta, ni da fistin mai shafaffen kai na yi aiki, abin bai taɓa zo min ba.

Abin da na ƙi rubutawa shi ne wannan. Tsohuwa ce ta ɗauki ambulan ɗinki da lakar ta zo ciki za ta hura wuta, sai ta ga hatimin gidan waya ya sauka daidai kan maiƙon lakar. Ta zagayo gabana ta nuna min. Mai buga hatimi ne ya danne lakar ta zama ɓawon albasa. Ban ga komai da yatsana ba, hatimi na auna. Kunya ta sa na ce ki tayar ba tare da bayani ba.

Na ba direba wannan, ya ce zai kawo da hannunsa. Tun safe na kasa cin abinci. In kin riga kin tayar, ki faɗa min gaskiya, kada ki ɓoye. Laifina ne.

Kakanki

*

Kaka,

Ina gaisuwa, kuma ka ci abinci. Kan injinka lafiyarsa ƙalau. Na fara da wannan don na san ba za ka karanta sauran ba sai ka ji.

Ka yafe min shirun, ban so in rubuto da rabin labari ba.

Takardarka mai cewa in tayar ta zo ne bayan na aika tawa, don haka na ɗauka amsa ce. Na karanta sau uku ban gane ba. Na ba Oga, ya ce, "Tsohon nan ya san abin da ba mu sani ba. Ba shi ya ga matsalar a laka ɗaya ba? In ya ce ba komai, ba komai." Muka yi ta neman dalili, ko kam ɗin ba ya kai ƙarshe in inji na aiki, ko wani sirri ne na masu dogon zamani. Ka san mai son abu ba ya rasa hujja. Na ɗora injin a mota, na zuba mai, na haɗa batir, na shiga na zauna, makulli a hannuna.

Lakar nan da ta rabu biyu na ajiye ta a kan dashbod tun ranar. Ina kallonta tana kallona. Oga ya leƙo ta taga ya ce, "Mai abu ya ce a tayar." Na ce, "Mai abu ya ce ko shi ne da bakinsa." Ya ce to ni da kakana mu ƙarata. Na fito na cire batir, raina a ɓace da kai, da shi, da lakar ma. Washegari direba ya iso yana haki. Da na karanta labarin hatimi na yi dariya har na zauna a kan taya.

Sai batun gyara. Hanya huɗu na gani. In sa gaskit mai kauri, kai ya ɗan ɗaga, amma matsin da na sha wahala a kansa ya tafi. In koma kam mai ƙaramin doro, amma shi ke nan ba za mu taɓa sanin iyakar hancinka ba. Oga ya ce a kai kan injin a nutsar da mazaunin bawul ɗin ciki kaɗan, na ce ba mai kai ƙarfe kusa da aikinka ina raye. Saura fistin. Na kwashe su huɗun na kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe, ya zurfafa gurbin da bawul ke sauka, muka auna nauyinsu ya zo ɗaya. Na rasa ɗan matsi kaɗan, bai kai a yi kuka ba. Na kuma sa wa kam ɗin ɗan ƙarfe da zai hana shi murɗawa har can ƙarshe.

Na sake laka, huɗun duka, kam a murɗe. Kowace ta wuce ashana da sarari. Wannan karon ban ba gidan waya lakar ba.

Na tayar da shi. Na kai shi fili. Abin da ya yi ba zan rubuta ba, tunda ka ce lamba a takarda kowa na iya rubutawa. Motar tana da lambar hanya, Umma ta ce za ta zauna a gaba ta miƙe gwiwa. Ka ce wa Kaka ta share ƙofar gida, muna tafe.

Jikarka

*

'Yar Sifana,

Muna fatan kun isa gida lafiya, ke da uwarki da gwiwarta. Mu lafiya. Yaran layinmu har yanzu suna tsayawa suna nuna inda motar ta kwana.

Kin yi min tambaya ranar nan ban amsa ba, kika zata ban ga bakinki ba. Na gani sarai. Ba zan iya magana ba ne a gaban mata uku.

Da kika buɗe bonet kika tayar, ina ganin bel na juyawa, ina ganin yara sun toshe kunne, ni kuwa kunnena shiru kamar kullum. Na riga na haƙura da haka tun kafin ku zo. Sai kika ɗauko dogon sukudireban nan kika ɗora bakinsa a kan murfin bawul, kika manna ƙotar a ƙashin bayan kunnena. Dabarar da nake yi da kaina ina saurayi in ina neman ƙara a inji, ban taɓa tunanin za ta yi wa kurma aiki ba. Kika ce, "Ka ji?"

Na ji, jikata. Ba kamar da ba, daga cikin ƙashi yake zuwa, amma na ji bawul ɗina suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa kowa. Da kika ja totur na ji iska na shiga hanyoyin da na kankare. Rabona da jin inji har na manta, ashe kuma wanda zan fara ji nawa ne. Hawayen da kika gani ba hayaƙi ba ne, ƙarya na yi.

Sannan doguwar hanyar bayan gari. Da kika tsaya cak kika kalle ni, na san abin da za ki yi. Na riƙe ƙofa ina jiran hammar nan da na sani. Kika saki kulochi, kujera ta daki bayana tun daga tashi, kuma injin bai daina ja ba har allura ta kai ja. Bai yi hamma ba. Ban ɓata shi ba ke nan, ƙirji ya rasa. Na so a ce tsofaffin nan masu kirana Babban Hanci suna bakin hanya, amma yawancinsu sun riga mu, sauran kuma ba sa gani. Yanzu duk mai so ya kira ni, zan amsa in na ga bakinsa.

Kada kanki ya kumbura. A tsakiyar gudu akwai inda ya ɗan ja numfashi kafin ya ci gaba, na ji a bayana. Ina zargin bututun shigar iska ya yi gajere. Ki ƙara masa tsawon yatsa biyu ki gani, ki rubuto min, ina son sani.

Maganar aro na janye. Naki ne, ki kula da shi.

Tsohuwa ta tsinci sifana mai lamba goma a ƙarƙashin matashina bayan tafiyarku. Na ɗora ta a kan kabad inda kan injin yake da, tare da lakar nan da hatimi ya danne. Ta tsaya a bayana ta daɗe tana faɗa, sannan ta zagayo gaba ta ce ko ba komai waɗannan sun fi sauƙin gogewa.

Kakanki,
Babban Hanci